Launin da Ke Zuba a Fuska: Amsa Kan Fim Ɗin 200 Motels

Jiya ka tambaye ni, bayan ka kalli 200 Motels a kwamfutar shago, ko kuskuren edita ne ya sa launi ke zuba a fuskokin mutane, hoto na hawa kan hoto, labari kuma ba kai ba gindi. Jawo kujera, ɗana. Da gangan aka yi.

Frank Zappa, mawaƙin rok ɗan Amurka, shi da Tony Palmer suka yi fim ɗin a 1971, a sitidiyon Pinewood kusa da Landan. Abin da ke ransa shi ne yadda yawon wasa gari-gari ke juya wa mawaƙa tunani. Yau otal, gobe otal, gado iri ɗaya, labule iri ɗaya, mutum ya farka bai san sunan garin da ya kwana ba. Shi ya sa ya ƙago gari guda, Centerville, aka gina shi cikin sitidiyo, ginin da kallo ɗaya za ka yi masa ka san na bogi ne. Har Ringo Starr, mai ganga na ƙungiyar mawaƙa ta Beatles, aka sa wa gashi da gemu irin na Zappa, ya fito da kamanninsa.

Ga inda ya shafi sana'armu ta tace bidiyo. Da kyamarorin talabijin suka ɗauka, a kan tef na bidiyo, daga baya aka juye shi kan fim mai milimita 35 saboda gidajen silima. Bidiyon ne ya ba su damar murɗa launi da ɗora hoton kyamara biyu a kan juna, mai miksa, wato mai haɗa hotunan kyamarorin, yana zaune yana ganin sakamakon nan take a allo. Da a ce fim ne, sai an kai ɗakin wanke fim, a biya, a jira kwanaki kafin a san ko ya yi. Mu da muka taso da kaset mun san daɗin wannan.

Kuma a matse suke. Kusan mako guda suka samu na ɗauka, ga mai kaɗa jitar bas na ƙungiyar Zappa, Jeff Simmons, ya fice ana gab da farawa, sai direban Ringo aka sa a gurbinsa. Ba su ma ɗauki duk abin da ke cikin rubutun fim ɗin ba, don haka nauyi ya koma teburin tacewa.

A ganina akwai wuraren da suka cika gishiri, ido ya gaji. Akwai kuma batsa a waƙoƙin, har zauren Royal Albert Hall na Landan ya soke wasan kiɗan fim ɗin a shekarar, saboda haka kada ka sake kunna shi yara na shago.

Gobe ka zaɓi minti uku daga ciki, ka kashe sauti, ka ƙirga min yanka nawa ne. Duk inda launi ya sauya ka tsaya, ka rubuta halin da mutumin ke ciki a daidai lokacin, ka kawo min kafin azahar.