Me ya sa bangon Bankin Ingila ba shi da taga?

Ɗana, ka ce ka ga hoton Bankin Ingila da ke titin Threadneedle a Landan, ka yi mamakin yadda doguwar katanga ta dutse ta kewaye shi babu taga ko ɗaya a ƙasa sai siffar taga da aka toshe, har ka tambaya ko magina ne suka yi kuskure.

Ba kuskure ba ne. A shekarar 1780 masu tarzoma suka kai wa bankin hari, kuma John Soane, wanda ya riƙe aikin ginin daga 1788 zuwa 1833, ya san cewa duk tagar da ta kalli titi ƙofa ce ga ɓarawo da wuta. Saboda haka ya rufe waje ruf, sannan ya janyo haske daga sama: ya ɗora ƙubba a kan manyan zauruka, ya sa gilashi a wuyanta, ta yadda rana za ta sauka kan teburan ma'aikata ba tare da mai wucewa ya leƙa ciki ba. Siffofin tagogin da ginshiƙan da ka gani ado ne, don kada katangar ta yi kama da ta gidan yari. Wannan, a ganina, ita ce gwanintar.

Tsakanin 1925 da 1939 wani mai zanen gini, Herbert Baker, ya rushe mafi yawan cikin, ya gina benaye masu tsawo, amma ya bar katangar. Tun 1950 ginin yana cikin rukuni na ɗaya na gine-ginen da doka ta kare, don haka ba a canja masa siffa sai da izinin hukuma.

Idan irin wannan aiki ya zo hannunka, kada ka kusance shi da siminti. Katangar ta dutsen Portland ce, wani farin dutse na Ingila, yana shan ruwa yana fitarwa, kuma tsohon gini irin wannan kwaɓin farar ƙasa da yashi yake so. Ka tuna bangon ƙasar da aka yi wa yaɓen siminti muka je gyarawa bara, da muka ƙwanƙwasa muka ji shi rarake, laima ta cinye cikinsa? Haka siminti yake kulle ruwa a jikin dutse mai laushi, idan sanyi ya daskarar da shi sai fuskar dutsen ta fara ɓarewa.