Na'urar TDR mai auna danshin ƙasa na nuna ruwa kaɗan a ƙasar yumɓu, lalacewa ta yi?

Tambaya: Malam ina aikin bincike, TDR ɗina na nuna danshi kaɗan a ƙasar yumɓu, amma in na busar da samfur sai sikeli ya nuna ruwan ya fi haka. Na kusa miƙa sakamako, hankalina a tashe yake.

Amsa: Kwantar da hankalinka ɗan'uwa, da wuya in lalacewa ce. Ka san lambar dayalektirik na'urar take aunawa, wato yadda ƙwayoyin ruwa ke juyawa suna bin filin lantarki, sakakken ruwa kusan 80, ƙwayar ƙasa 3 zuwa 5, iska 1. Toh ruwan da ya manne a fuskar yumɓu, layi biyu ukun farko na ƙwayoyin ruwan, a ɗaure yake, ba ya iya juyawa da saurin da igiyar lantarkin na'urar ke kaɗawa, sai lambarsa ta faɗo ta nufi ta ƙanƙara wajen 3, na'ura ta ƙirga shi kamar babu. In montmorilonayit ce, wato wani irin yumɓu mai kumbura, abin ya fi tsanani, fuskokin ƙwayoyin giram ɗaya nata na iya kai faɗin murabba'in mita 800.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya kullum shine masu cewa saitin kamfani ya isa kowace ƙasa. Wallahi bai isa ba. Yawanci lissafin Topp na 1980 ne a ciki, wato lissafin da ke mayar da lambar dayalektirik zuwa yawan ruwa, yana da kyau a yashi da ƙasa matsakaiciya, amma a yumɓu mai kumbura sai ya kauce, dillali ba zai faɗa maka ba, cewa zai yi soka kawai ka karanta. Ƙananan na'urorin nan masu araha da saurin kaɗawar igiyarsu bai kai megahaz 100 ba kuma ta ɗaya gefen suke kuskure, cajin da ke taruwa a fuskar yumɓu da gishirin ƙasa na kumbura lambar, su nuna ruwan da babu, mutum ya ɗage ban ruwa shuka na yaushi a gabansa. Zaka ga ma karatun na hawa da rana yana sauka da dare ba a zuba ko ɗigo ba, zafi ne ke sakin ɗaurarren ruwan.

Ka ɗebi ƙasar wurin, ka jiƙa ta mataki mataki daga bushewa zuwa jiƙewa sharkaf, ka danna ta daidai yadda take a fili, kowane mataki ka karanta na'ura ka rubuta zafin ƙasar, sannan ka busar a digiri 105 awa 24 ka auna. Da layin da zaka zana tsakanin karatun na'ura da awon sikeli zaka gyara tsoffin karatunka, in dai ka adana ɗanyen lambobin da na'urar ta bayar.