Mai jefa ƙwallo ya taɓa komawa alƙalin wasa a NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka?

Malam, ka tambaya ko an taɓa samun kwatabak, wato mai jefa ƙwallo a ƙwallon Amurka, da ya koma alƙalin wasa. Ƙwarai kuwa, akwai Adrian Burk, ɗan jihar Texas. A 1954, yana Philadelphia Eagles, ya yi jifa 7 da suka kai ga cin maki a wasa guda da Washington. Da ya ajiye wasa sai ya zama lauya, kuma ya ɗauki usur.

Abin da ya fi burge ni: ranar da Joe Kapp na Minnesota ya kamo wannan tarihi na jifa 7 a wasa guda a 1969, Burk yana cikin alƙalan filin. A 1972 ma, shi ya ɗaga hannu ya tabbatar da makin da Franco Harris na Pittsburgh ya ci a wasansu da ƙungiyar Raiders, wanda magoya bayan Raiders ke gardama kansa har gobe.