Tumatir ɗina na buhu ya kama ciwo: me zan fesa da ba guba ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Zariya, na shuka tumatir da attaruhu a buhuna goma sha biyu a bayan madafa. Tun da ruwa ya zauna a watan Agusta ganyen ƙasa ke yin rawaya da tabo ruwan ƙasa, yana bushewa, abin yana hawa sama. In na girgiza shukar sai wasu ƙananan fararen ƙwari su tashi, kuma tohon wasu ya ƙanƙance ya nannaɗe. Wasu 'ya'yan ma gindinsu ya yi baƙi. Maƙwabciyata ta ce in fesa fiya-fiya, amma yarana na tsinka su ci. Ko akwai maganin da ba guba ba?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin komai, ki manta da fiya-fiya. Yawancin abin da ake sayarwa da wannan suna sinadarin dichlorvos ne, irin na Sniper, wanda hukumar NAFDAC ta hana baje kolinsa a kasuwanni da shaguna tun 2019. Ba abin da za a kai kusa da abincin yara ba ne. Kuma ko da kin fesa, ba zai taɓa tabon ganyen nan ba, domin ba ƙwaro ke kawo shi ba.

Yadda kika kwatanta, matsala uku ce ta haɗu miki wuri guda, kowace da hanyarta.

Tabon da ke farawa daga ƙasa yana hawa sama fumfuna ce. Tsinko ganye ɗaya ki ɗaga shi a haske. Idan kin ga tabon da zobe-zobe, ɗaya cikin ɗaya, da rawaya kewaye da shi, to cutar da masana ke kira Alternaria ce, wadda ke yawan addabar tumatirin damina a yankinmu. Ƙwayoyinta na kwance cikin ƙasa da ruɓaɓɓen ganye. Ruwan sama ya bugi ƙasa, laka ta fantsamu kan ganyen da ke kusa, ganyen ya kwana a jiƙe, shi ke nan ta samu ƙofa. Shi ya sa maganinta na farko almakashi ne, ba feshi ba. Da hantsi, bayan raɓa ta bushe, ki cire duk ganyen da ya kamu, ki share gindin shukar har kamar taƙi guda daga bakin buhu. Ganyen da kika cire a ƙone ko a binne nesa, kada ya shiga takin da kike tarawa. Ki kafa wa kowace shuka sanda ki ɗaure ta tsaye, ki rufe fuskar ƙasar da busasshiyar ciyawa ko buntun shinkafa don laka ta daina tsalle. Ina kyautata zaton buhunan a manne suke da juna a jikin katanga, haka akasarin gidaje ke yi saboda ƙarancin fili. Ki ja su ki raba, a samu akalla rabin mita tsakani, inda iska ke ratsawa kuma ranar safe ke sauka. Ban ruwa kuwa a gindi kawai, da safe.

Ganyen da ya riga ya mutu ba ya dawowa, sabon da ke fitowa ake karewa. In ruwa ya ƙi ɗagawa kuma cutar na ci gaba, shagunan kayan gona na da maganin fumfuna mai jan ƙarfe, wanda ko a ƙa'idar noman da ba a sa sinadarai an yarda da shi daidai gwargwado. Ki bi ma'aunin da ke jikin ledar, ki wanke 'ya'yan kafin a ci. Haɗin da ake yaɗawa na sodar yin kek, ƙaramin cokali ɗaya a lita ɗaya ta ruwa, yana da amfani, amma a kan wata fumfunar daban: fara-fara wadda ke zama kamar an barbaɗa gari a kan ganye, wadda ta fi zuwa wa kuɓewa da kabewa bayan ɗaukewar ruwa. A kan cutar da ta kama tumatirinki ƙarfinsa kaɗan ne. Kada kuma ki ce za ki maye gurbinsa da kanwa, ƙarfinta ba ya da ma'auni, tana iya ƙone ganye.

Fararen ƙwarin su suka fi damuna. Farin ƙuda ne, yana zama a bayan ganye yana tsotsar ruwan shuka. Tsotsar ba ita ce babbar ɓarnar ba. Yana ɗauke da ƙwayar cutar da ke nannaɗe ganyen tumatir, kuma shukar da ta kamu ba ta warkewa, ko me aka fesa mata. Waɗanda tohonsu ya ƙanƙance, ya yi rawaya a gefe, ya lanƙwashe sama, ki daure ki tuge su yau. Na san da ciwo a cire shukar da aka yi wa wahala, amma barinta na nufin ƙudan zai ɗebo daga jikinta ya raba wa sauran, ita kuma ba wani abin kirki za ta haifa ba.

Ga sauran, darbejiya ce abokiyar tafiyarki, kuma ƙarfin yana cikin ƙwallon, ba ganyen ba. Mutane da yawa na tafasa ganye su fesa, su ce bai yi aiki ba. Ki samo busassun 'ya'ya, ki fasa ki fitar da ƙwayar ciki, ki tabbata ba ta yi fumfuna ba. Ki daka giram 50 ga kowace lita ɗaya ta ruwa, wato rabin kilo ga bokiti mai lita 10. A jiƙa ya kwana, a tace da tsumma mai laushi, a narka ɗan sabulun salo a ciki don ya kama ganye. Banda omo. A yi amfani da shi a ranar, kuma da yamma, domin rana na kashe ƙarfinsa, ga shi lokacin ƙudan zuma sun koma gida. Ki juya ganyen ki jiƙa bayansa sosai, can ƙwai da 'ya'yan ƙudan suke manne. Kada ki sa ran ganin gawarwaki washegari. Sinadarin da ke ciki, azadirachtin, hana ƙwaro ci da girma yake yi, sai an maimaita duk mako, ko bayan ruwa mai ƙarfi ya wanke, kafin a ga sun ragu. Ki fara gwadawa a shuka ɗaya ki jira kwana biyu, musamman attaruhun.

Farin ƙuda na son launin rawaya. Ki yanka tsohuwar jarkar man gyaɗa mai wannan launi, ki shafa mata basilin, ki rataye daidai tsayin shukar. Zai kama manyan, ya kuma nuna miki ko suna ƙaruwa ko raguwa. In kin ga ɗan ƙwaro mai zagayayyen baya, ja da ɗigon baƙi, ki ƙyale shi, ƙananan masu tsotsa yake ci. Ruwan taba kuwa, da wasu ke yabawa, ban yarda da shi ba: guba ce ga mutum, kuma taba na iya ɗauko wa tumatir wata cutar.

Tunda kina duba bayan ganye, ki lura ko akwai wani farin fili mai sheƙi a cikin naman ganyen, da 'yar tsutsa a ciki. Wannan ita ce Tuta absoluta, wadda ta fito daga Kudancin Amurka, ta cinye gonakin Kano da Kaduna a 2016 har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Da yake a cikin ganye take ɓuya, feshi ba ya kai mata sosai. A buhu goma sha biyu, murƙushe ta da yatsa da cire ganyen ya fi komai.

Baƙin gindin 'ya'yan shi ne mafi sauƙi. In a ƙasan ɗan yake, a lotse, a bushe, ba cuta ba ce. Sinadarin kalsiyam ne bai isa wurin ba, kuma a buhu yawanci ruwa ne sanadi: yau ƙasa ta cika ta tumbatsa, jibi ta bushe ƙamas. Ki huda gindin buhunan ruwa ya riƙa fita, ki ɗora su kan bulo, ki riƙa tura yatsa cikin ƙasar kafin ki ƙara ruwa. Waɗanda suka yi baƙin ki cire, na bayansu za su fito lafiya.

In tabon ganyen bai yi kama da abin da na kwatanta ba, kin yi sa'ar gari. Ki sa ganye biyu a takarda, ba leda ba, ki kai Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru a duba miki. Baɗi kuma kada ki mayar da tumatir ko attaruhu ko gauta cikin wannan ƙasar, dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya. Ki zuba mata wake ko alayyafo, tumatirin ki nemo masa sabuwa.