Amsar Kawu Kan Aron Takardun Karatu

'Yata, saƙonki ya iso ni bayan sallar isha'i, na sa tabarau na karanta har sau biyu. Da farko dariya na yi, har Hajiya ta leƙo tana tambaya ko lafiya. Da na kwanta kuma sai barci ya ƙaurace mini. Kin ce tun da kika fara digiri na biyu a Jami'ar Jihar Kaduna kike tara takardun bincike a wata manhaja ta waya mai suna Zotero, yanzu sun haura 300, kowace kin sa ta a jakarta, kin ja layi a wuraren da suka burge ki, kin rubuta bayaninki a gefe. Sai ga ƙawarki ta ce ki tura mata duka, har da bayanan. Shi ne kike tambaya ko a al'adarmu rowa ce idan kin hana.

Takarda 300 a aljihu! A zamaninmu wanda ya mallaki rabin haka sai an kai masa ziyara.

Bari in ba ki labarin hunturun 1978. Ina ɗalibi a Jami'ar Ahmadu Bello, ina rubuta kundin kammala karatu a kan fatauci tsakanin Zazzau da ƙasashen kudu. A ɗakin karatu na Kashim Ibrahim akwai wasu dogayen akwatuna masu aljihu, cike da katuna. Da yatsa ake bin katin nan ɗaya bayan ɗaya har a samu lambar littafi, a rubuta, a tafi nema. Abin da babu a Zariya sai mu hau mota mu zo Kaduna, ko dai gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke titin Yakubu Gowon, ko Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna, wanda Farfesa Abdullahi Smith ya mayar da shi cibiyar bincike a 1970. Nakan wuni ina kwafe fayil da fensir har yatsuna su yi kanta.

A nan wani ma'aikaci ya ja ni gefe ya ce abin da nake nema ba a fayil ɗin Turawa yake ba, akwai wani dattijo a Tudun Wadan Kaduna da ya gaji takardun kakansa, wanda ya yi fatauci kuma ya yi malanta. Na je da goro na da 'yar sadakata. Ranar farko gaisuwa kawai muka yi, ya tambayi garinmu, ya tambayi wa ya haife ni, a wajen wa na yi allo, ya sallame ni. Rana ta biyu ma bai ta da maganar ba, ni ma ban ta da ita ba, don mahaifinmu, kakanki, yakan ce mai neman ilimi da ƙafa yake roƙo kafin ya roƙa da baki. Sai a rana ta uku bayan la'asar ya aiki yaro ya ɗauko gafaka daga cikin gida.

Har yau ina jin ƙanshin fatar nan. Ya shimfiɗa buzu, ya yi bisimilla, ya warware igiya. Takardun ba ɗinkakku ba ne, falle-falle suke, a ƙasan kowane shafi an rubuta kalmar farko ta shafi mai zuwa, don in iska ta watsa su a iya mayar da kowane gurbinsa. Kin ga tsarin da kike yaba wa manhajarki, mutanenmu sun yi nasu tun da tawada da alƙalamin kara. Ya ɗaga falle ɗaya saitin ƙofar zaure, hasken hunturu ya ratsa shi, sai ga alamar jinjirin wata guda uku a jikin takardar. Irin takardar nan a Italiya aka yi ta, ta ratso hamada a bayan raƙuma. Tsakiyar shafi rubutu ne manya da baƙar tawada. Gefe kuwa hashiya ce, wato bayanan masu karatu, ƙanana kamar tururuwa, wata a karkace, wata a kife, wata da Larabci, wata da ajami, hannu aƙalla uku daban-daban. Ya nuna da farce ya ce wannan kakana, wannan mahaifina, wannan ni.

Ya ƙirga falle ashirin ya naɗe a ƙyalle ya miƙo mini, ya ce kwana uku. Ko sunana bai rubuta ba. Na sauka a ɗakin wani ɗan garinmu da ke aiki a masaƙa a Kakuri, dare uku ina kwafa a gaban fitilar ƙwai, sanyi yana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, ina tsoron kada kananzir ya taɓa takardar mutane. Na kwafe komai tsaf, har hashiyar ban bari ba.

Da na mayar, ya ƙirga, ya dube ni ya ce, "To, me kakana yake nufi a nan?" Ya ɗora yatsa a kan wani ɗan layi na gefe. Na karanta masa daidai, ba kuskure. Ya ce bai tambaye ni karatu ba, nufi ya tambaya. Na yi shiru. Bai yi mini faɗa ba. Cewa ya yi, matani, wato rubutun tsakiyar shafi, na kowa ne, duk wanda ya zo a ba shi, wanda ya ɓoye shi Allah zai tambaye shi. Amma hashiya hira ce tsakanin mutum da littafinsa, ba ta shiga kai sai mai ita ya zauna da kai. Ya gyara zama ya fara bayani, ashe ɗan layin nan gardama ce kakan yake yi da marubucin a kan hukuncin bashi tsakanin fatake. Muna nan har aka kira magariba. Na yi wata biyu ina zuwa zauren nan duk ƙarshen mako.

Abin da ya hana ni barci ke nan, 'yata. Ba ƙawarki ce ta fi damu na ba, ku duka ne. Ina ganin yaran yanzu a keke napep da babban yatsa suna ture takarda bayan takarda, a karanta taƙaitaccen bayanin da ke sama, a adana, a wuce. Manhaja ta ɗauko sunan marubuci da shekara da mujalla ta jera muku, wannan kam alheri ne, da mun samu da mun huta da ciwon baya. Amma cikin 300 ɗin nan, nawa kika bi daga farko har ƙarshe? Nawa za ki iya rufe waya ki faɗa mini inda marubucin ya yi rauni? Ba zargi nake yi ba, tambaya nake, don na san ki da himma tun kina ƙarama. Malaminmu na allo yakan ce hatsin da ke rumbu ba ya maganin yunwa sai an surfa.

Sannan ki riƙa tunawa gidan da kika zuba kayan nan ba naki ba ne. A 2021 masu Mendeley, wata manhaja irin Zotero, sun janye manhajarsu ta waya, waɗanda suka saba da ita dole suka sake dabara. Kayan aro ba ya rufe katara. Ki sayi littafin rubutu mai kauri, duk takardar da ta shiga ranki ki rubuta abin da kika fahimta da hannunki, da Hausa ma in kin ga dama.

Wani abin da ya ɓace muku shi ne godiya. Mu in aka ba mu aron littafi ba ma mayar da shi hannu sake, kuma sunan mai shi yana shiga shafin godiya. Yanzu sai a turo wa mutum wahalar shekara guda, ya amsa da hoton babban yatsa. Dattijon nan ya rasu ina bautar ƙasa a kudu, ban samu jana'izarsa ba, kuma ban taɓa kai masa kundin da aka ɗaure ya gani ba. Wannan yana ci mini rai har gobe.

Batun ƙawarki kuwa, takardun ai ba ke kika rubuta su ba, kin dai ji abin da aka ce game da mai ɓoye matani. Na gefen ne ban ga yadda za a yi su bi iska su isa kanta ba. Wace ce ita ma tukuna? 'Yar gidan wa ce, kuma ta taɓa zama kusa da ke ta ce ki yi mata bayanin ko guda ɗaya? Ki zo da ita ranar Asabar bayan la'asar, ku taho da wayar da cikakken caji. Kwafin nan nawa na 1978 yana nan a ƙasan akwati, zan sa a fito da shi ku gani.