Fatawa: Bana son shiga taro, dangin mijina sunce girman kai ne, ina da zunubi?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, dan Allah a sakaya sunana. Ni tun ina yarinya bana son hayaniya, ko a islamiyya ƙawata ɗaya ce, to yanzu nayi aure a gidan yawa kuma dangin mijina mutane ne masu son taro kusan duk sati sai an samu biki ko suna ko walimar sauka, in naje na zauna awa biyu sai inji kaina yana sarawa, in na dawo gida kuwa sai na shiga ɗaki na rufe ƙofa na jima ni kaɗai sannan nake dawowa daidai. Ba wai bana son su bane wallahi, surutun ne bana iyawa. Facalolina suna cewa miskila ce ni wai dan nayi boko nake ɗaga kai, uwar mijina tace zumunci a ƙafa yake, gwaggona kuma tace aljani ne ya aure ni har ta kaini wajen ruƙiyya ba abinda ya fito. Na karanta a waya cewa masu irin halina ana ce musu introbat wai halitta ce. Malam da gaske halitta ce ko uzuri nake nema wa kaina? Kuma ina da zunubi in naƙi zuwa? Dan naji hadisin da yace wanda yake cuɗanya da mutane yafi wanda baya yi, abin yana damuna sosai.

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Baiwar Allah ki kwantar da hankalinki, son shiru da saurin gajiya a taro ba zunubi bane, kuma shi kaɗai baya nuna girman kai ballantana aljani. Hali ne cikin halayen da Allah yake gina bayinsa a kai. Zunubi yana shigowa ne idan halin ya kai ki ga tauye wani haƙƙi da Shari'a ta ɗora miki, kuma haƙƙoƙin nan basu kai yawan da mutanenmu suke lissafawa ba.

Maganar halitta ce ko ba halitta ba, ai tun kafin a zo ga Turawa akwai ta a hadisi. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito daga Abu Musal Ash'ari cewa Allah ya halicci Annabi Adam daga damƙin ƙasa da aka ɗebo daga dukkan doron ƙasa, sai 'ya'yansa suka zo kamar yadda ƙasar take, akwai ja da fari da baƙi, akwai mai sauƙi akwai mai tauri. Sannan lokacin da tawagar Abdul Ƙais tazo Madina Annabi (SAW) yace wa shugabansu Ashajju kana da halaye biyu da Allah yake so, haƙuri da natsuwa, wannan a Muslim yake, a ruwayar Abu Dawud kuma mutumin ya tambaya shin ni na koya wa kaina su ko Allah ne ya halicce ni a kai, Annabi yace a'a Allah ne ya halicce ka a kansu. Kinga kenan akwai halin da mutum yake tashi dashi. Su kuma masana halayyar ɗan Adam, wani likita ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Carl Jung shi ya yaɗa wannan rabon a 1921, yace akwai wanda hankalinsa yafi karkata ciki akwai wanda nasa yafi karkata waje wurin mutane, waɗanda suka zo bayansa suka gano cewa yawancin mutane ma a tsakiya suke, kuma wani kaso na halin gado ne wani kaso tarbiyya ce da inda mutum ya tashi. Basu lissafa shi a cikin cututtuka ba. Ban ga abinda ya saɓa wa addini a wannan bayanin ba, sai dai kar sunan ya zama tutar da za'a riƙa ɗagawa duk lokacin da aka ce tashi kije ki gaida wance.

Hadisin da yake damunki kuwa ingantacce ne, Tirmizi da Ibn Majah sun ruwaito shi, cewa muminin da yake cuɗanya da mutane yana haƙuri da cutarwarsu yafi lada akan wanda baya cuɗanya dasu baya haƙuri da cutarwarsu. Amma ki duba lafazin da kyau, fifiko ake magana ba halal da haram ba, yafi lada aka ce, kenan shima ɗayan yana da nasa ladan. Sannan ke wa yace miki bakya ciki? Macen da take zaune a gidan yawa, tana haɗa tsakar gida da facaloli, ana ce mata miskila tana shanyewa tana gaishe su da safe, wace cuɗanya ce kuma wane haƙuri ne ya wuce wannan. Hadisin bai ce wanda yafi kowa zuwa biki ba.

Kuma ba shi kaɗai bane a babin. Uƙbatu bin Amir ya tambayi Annabi (SAW) menene tsira, yace ka riƙe harshenka, gidanka ya wadace ka, kayi kuka akan zunubinka, Tirmizi ya ruwaito. Sa'adu bin Abi Waƙƙas yana cikin raƙumansa a bayan gari ɗansa yazo yana masa faɗa wai ka zauna cikin raƙuma da tumaki ka bar mutane suna jayayya akan mulki, Sa'adu ya bugi ƙirjin ɗan nasa yace yi shiru, naji Manzon Allah yana cewa Allah yana son bawa mai taƙawa, mai wadatar zuci, ɓoyayye. Wannan a Muslim yake. Shi yasa magabata suka rabu biyu a mas'alar, irin su Sufyanus Sauri da Fudail bin Iyad da Bishrul Hafi sun fi karkata ga keɓewa, irin su Sa'id bin Musayyib da Ibnul Mubarak da Shafi'i da Ahmad sun fi karkata ga shiga mutane, Imamu Gazali ya kawo ɓangarorin biyu a Ihya'u sannan ya tsaya akan cewa abin ya danganta da mutum da halinsa da kuma su waye zai zauna dasu.

Ni abinda yafi gamsar dani a nan shine amsar Imamu Malik. Wani mai yawan ibada ana ce masa Abdullahi Al-Umari ya rubuto masa wasiƙa yana kwaɗaitar dashi ya bar zaman mutane ya keɓe yayi ta ibada, sai Malik ya mayar masa da cewa Allah ya raba ayyuka kamar yadda ya raba arziki, wani an buɗe masa ƙofar sallah ba'a buɗe masa ta azumi ba, wani an buɗe masa ta sadaka, wani ta jihadi, yaɗa ilimi kuma yana cikin mafifitan ayyukan alheri kuma na yarda da abinda aka buɗe min, bana zaton abinda nake kai yana ƙasa da abinda kake kai, ina fata dukkanmu muna kan alheri. Ibn Abdil Barr ya kawo labarin. Ki lura Malik bai ce masa kai ne ka ɓata ba, shima kuma bai bar karantarwarsa ba. Facalarki da take iya riƙe tukunyar biki tun asuba har dare tana raha an buɗe mata wata ƙofa, ke kuma wataƙila ke ce wadda in an gaya miki sirri ya mutu a wurinki, ko wadda zata zauna da mara lafiya shiru ba tare da ta dame shi ba.

Batun girman kai Annabi (SAW) ya riga ya yanke shi a hadisin Ibn Mas'ud da Muslim ya ruwaito, girman kai shine ƙin gaskiya da raina mutane. Babu ƙarancin magana a ciki. Akwai mai surutu kamar me amma ya raina kowa. Saidai a nan zan ja kunnenki kaɗan, domin Gazali ya faɗi cewa wani lokacin girman kan ne yake sa mutum ya zaɓi keɓewa shi bai sani ba. To ki binciki zuciyarki, in kin shige ɗaki me take gaya miki? In cewa take na gaji bari in huta, ba komai. In kuwa cewa take waɗannan duk 'yan gulma ne jahilai ni ba ajinsu bace, to nan an samu matsala, kuma ba halitta bace wannan, cuta ce da ake tuba daga gare ta.

Yanzu haƙƙoƙin. Amsa sallama wajibi ne, sakin fuska sadaka ce kuma baya buƙatar dogon zance. Duba mara lafiya da yin ta'aziyya suna cikin abinda musulmi yake bin ɗan'uwansa. Walimar aure idan an gayyace ki ke da kanki jumhurun malamai suna ganin amsawa wajibi ne saboda hadisin Bukhari da Muslim cewa wanda yaƙi amsa gayyata ya saɓa wa Allah da Manzonsa, amma da sharuɗɗa, kuma abin mamaki sharaɗin da ya shafe ki yana cikin Risala ɗin nan da ake karantawa a zaurukanmu, mai littafin Ibn Abi Zaid yace ka amsa in babu shahararren wasa ko bayyanannen munkari, cin abincin kuma zaɓinka ne, sannan yace Malik yayi rangwame a ƙi zuwa saboda yawan cunkoson mutane. Haka Khalil mai littafin Mukhtasar ma ya lissafa cunkoso cikin abubuwan da suke sauke wajabcin. Sauran kuwa, kamu da sa lalle da dina da yinin suna da anko, waɗannan al'ada ce, wanda babu saɓo a cikinsa zuwa kyautatawa ne ana samun lada da niyya, rashin zuwa kuma ba zunubi.

Yanke zumunci babban zunubi ne wannan ba wasa, Annabi (SAW) yace mai yankewa baya shiga aljanna. Amma Shari'a bata ƙayyade cewa sai a cikin taro ake sada shi ba, kiran waya sadarwa ne, aike sadarwa ne, ziyara ranar da ba kowa sadarwa ce, sau tari ma tafi ta ranar biki amfani dan ranar bikin ko mai gidan bata san wa yazo ba. Dangin miji in ba auren zumunci kuka yi ba asali ba sune zumuncin da aka wajabta miki ba, amma kyautata musu yana cikin kyautata wa mijin, mahaifiyarsa kuwa kar ki haɗa ta da kowa, maganarta ma da gaskiya a ciki ƙafar tana da nata matsayi. Shawarata ki zaɓi na kusa-kusa kije da wuri kafin a cika, ki gaisa da manya ki bada gudummawarki ki ɗan taɓa aiki ki tafi, wanda baki samu zuwa ba ki kira a ranar ki bi bayansa da barka. Kuma ki zaunar da maigidanki ki masa bayani yadda kika min, shi yafi dacewa ya fahimtar da mahaifiyarsa, in daga bakinki ya fito za'a ce rashin kunya ne. Namijin da yake da irin wannan halin shi kuma ya sani majalisa ce zai iya bari, Juma'a kam wajibi ce akansa, jam'i kuma ko a mazhabar Malik da ba'a ce farilla bace sunna ce mai ƙarfi.

Aljani kuma, ban san wani dalili a Alƙur'ani ko hadisi da yace son zama shi kaɗai alamar shafar aljani bane, ai shi kansa Annabi (SAW) Nana A'isha tace kafin wahayi an sanya masa son keɓewa yana tafiya kogon Hira yayi kwanaki. Wasu masu ruƙiyyar sun mayar da komai alama, ciwon kai alama, shiru alama, mafarki alama, suji tsoron Allah suna saka wa lafiyayyun mata waswasi. Ki riƙe azkar ɗinki na safe da yamma ya ishe ki.

Abu ɗaya da zan so ki lura dashi, ke kince tun yarinta haka kike kuma in kin huta kina dawowa daidai, wannan hali ne. Amma wanda da mai shiga mutane ne kwatsam ya janye, ya daina jin daɗin komai, barci da cin abinci suka rikice, yana kuka ba dalili ko yana jin gara ya mutu, har sati biyu ko fiye, musamman mace bayan haihuwa, wannan ciwon damuwa ne a kai shi asibiti wurin likitan ƙwaƙwalwa ana haɗawa da addu'a. Haka wanda yake son shiga mutanen amma tsoro ne yake hana shi, gabansa na faɗuwa jikinsa na rawa yana ganin kowa shi yake kallo, shima ana maganinsa.

Su kuma facaloli da gwaggo, in wannan amsar ta kai gare su, kiran mutum mai girman kai ba tare da hujja ba mummunan zato ne, faɗinsa a bayan idonsa kuma in gaskiya ne gulma ce in ƙarya ne ƙage. Annabi (SAW) ya wuce wani Ba'ansare yana wa ɗan'uwansa faɗa akan yawan kunya sai yace ƙyale shi, kunya tana cikin imani. Iyaye ma haka, yaron da yake shiru-shiru a koya masa gaisuwa da amsa sallama da zuwa masallaci, a daina ce masa dolo a gaban 'yan'uwansa.

Allah ne mafi sani.