Mece ce anƙa'u, kuma daga ina sunan ya fito?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a wani zaure a Unguwar Juma, cikin birnin Zariya. Mun ci karo da kalmar anƙa'u a wani baitin waƙar Larabci, aka fassara mana ita da "wata tsuntsuwa", aka wuce. Mene ne asalin sunan, kuma shin ita ce finikis da ake cewa tana tashi daga toka?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Malaminku bai yi kuskure ba, taƙaitawa ya yi. Kalmar ta samo asali daga unuƙ, wato wuya, kuma siga ce ta mace mai nufin mai dogon wuya, yadda za ka siffanta zalɓe in ka gan shi tsaye a bakin rafi. Wasu malaman lugga sun ce farin zobe ne a wuyanta ya jawo mata sunan, amma bayanin farko ya fi dacewa da ginin kalmar.

Sau da yawa za ka tarar an haɗa ta da wata kalma, an ce anƙa'u mugrib, kuma a nan ne ma'anoni suka yi rassa, domin tushen mugrib ya ƙunshi nisa da baƙunta da kuma faɗuwar rana. Saboda haka wani ya fahimci tsuntsuwar da ta yi nisan da ba a riskarta, wani ya fahimci mai gudu da abin da ta sura. Wannan fahimta ta biyu tana jingine da labarin da Damiri, wanda ya rasu a 1405, ya kawo a littafinsa na dabbobi, cewa tsuntsuwar ta addabi mutanen Rassi da ɗauke musu 'ya'ya, har Hanzalatu ɗan Safwan, wanda labarin ya ce annabinsu ne, ya yi addu'a aka raba su da ita. Ka lura cewa Alƙur'ani ya ambaci mutanen Rassi a surorin Furƙan da Ƙaf, amma bai ambaci tsuntsuwar ba. Labari ne na masu tarihi, kada a ɗora masa nauyin da ya fi ƙarfinsa.

Daga nan Larabawa suka riƙa kiran babbar masifa anƙa'u, idan mutum ya ɓace babu labarinsa kuma su ce anƙa'u ta tashi da shi. Ma'anar da ta fi shahara ita ce abin da ake jin sunansa amma ba a taɓa ganinsa ba, shi ya sa suke lissafa ta tare da dodon jeji da amini mai cika alkawari a matsayin abubuwa uku da ba a samu. Bahaushe zai ce neman jini ne a jikin fara. Ina kyautata zaton wannan ce ma'anar da ke cikin baitinku. Sufaye kuma sun ɗauki wannan siffa ta suna ba jiki suka yi mata amfani mai zurfi, har Ibn Arabi, wanda ya rasu a Dimashƙa a 1240, ya sanya wa wani littafinsa sunan.

Game da finikis, tsuntsuwar Girkawa ce, kuma sunanta a harshensu yana nufin dabino da jan launi da mutumin Finiƙiya. Masu fassara ne suka haɗa ta da anƙa'u lokacin da suka nemi kalmar Larabci da za ta ɗauki sunan, don haka kada ka shigar da batun toka cikin tsohuwar waƙar Larabawa. Ta wannan haɗin ne dai tauraro mafi haske a rukunin taurarin finikis ya sami sunan Ankaa, wanda ƙungiyar masana taurari ta duniya ta tabbatar a 2016. Ana ganinsa daga Zariya ta ɓangaren kudu a watan Nuwamba bayan isha'i, in hazo bai rufe sama ba.